Mutum zai iya shekara 35 a aikin ɗan sanda ya fita da mutuncinsa?

Tambaya: Baba, sunana ya fito cikin waɗanda aka ɗauka aikin ɗan sanda a matsayin kurtu, yanzu muna jiran a kira mu horo. Mahaifiyata hankalinta bai kwanta ba, tana cewa ba ta taɓa ganin ɗan sandan da ya tsufa da arziki da mutunci ba. Tunda kai ka yi aikin har ka ajiye kaki, ina so ka gaya mini gaskiya: yaya shekarun suke tafiya, ina mutum yake kaiwa, kuma zai yiwu a gama lafiya?

Amsa: Ɗana, Allah ya sa ka shiga a sa'a. Zai yiwu. Na san mutane da dama da suka gama lafiya, wasu suna limanci a masallatan unguwarsu, wasu sun koma gona, ba mai nuna su da baki in sun wuce. Sai dai kada ka raina maganar mahaifiyarka, abin da idonta ya gani ta faɗa, kuma a batun arziki ta fi ka gaskiya. Ni ma ta ƙofar da za ka shiga na shiga, kurtu, daga kwalejin 'yan sanda ta Kaduna a tsakiyar shekarun 1980, na fita da anini uku a kafaɗa. Yawancin aikina a ofisoshin yanki na yi shi, ƙauye da birni, don haka abin da za ka ji daga bakina labarin caji ofis ne, na hedikwata sai ka tambayi waɗanda suka zauna can.

Doka ta ce shekara 35 a bakin aiki ko shekara 60 da haihuwa, duk wanda ya riga cika. Haka yake a dokar 'yan sanda ta 2020, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1943. Tunda tsakanin shekara 18 da 25 ake ɗaukar kurtu, kusan kowa shekarun aikin ne suke fara cika masa: ka shiga kana da 22, ka fita kana da 57, da sauran ƙarfinka, ga 'ya'ya ba su gama makaranta ba. Muƙaman kuwa daga kurtu sai kofur mai igiya biyu, sai saje mai igiya uku, sai sufeto, sannan a tsallaka zuwa hafsoshi, wato matakan sufurtanda daga ƙasa zuwa sama: ASP, DSP mai anini uku, SP, CSP, daga nan sai rukunin kwamishinoni. Tsallakawa daga sufeto zuwa ASP ita ce mai wuya, sai ka zauna gaban kwamitin tantancewa, sai kuma Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda ta amince. Wanda ya shiga da kurtu, fayil ɗinsa fes, galibi tsakanin sufeto da DSP yake ajiye kaki. Shi kuwa wanda ya fito daga makarantar horar da hafsoshin 'yan sanda ta Wudil da digirinsa, ranar da aka yaye shi ASP ne. Yaron da yake firamare sa'ad da kake kurtu zai iya zuwa ya tarar da kai sufeto, ka ƙame masa. In ka san zuciyarka ba za ta ɗauka ba, fara shirin ƙaro karatu tun yanzu, kuma ka nemi izinin ofis a rubuce kafin ka fara, don shaidar karatun da aka yi a ɓoye sau da yawa ba ta shiga lissafi.

Yadda mutum zai ƙare kuwa, a bakin kantar caji ofis ake yanke shi, cikin shekara biyun farko. Samari suna shigowa da tunanin bindiga da bin ɓarayi a guje, amma waɗanda na ga an tuɓe musu kaki, mafi yawansu sel ne ya ci su, ko kuɗin beli, ko kayan shaida da suka yi ƙafa.

Ka ɗauka ka zo karɓar aikin dare. Wanda za ka canza ya ƙosa ya tafi gida, ya miƙo maka makulli ya ce mutum tara ne a ciki, ba wata matsala. Kada ka karɓi makullin nan. Ɗauki tocila ku je tare, a kira suna ɗaya bayan ɗaya, kowa ya amsa da bakinsa, ya miƙe tsaye ka gan shi. Na kwance a lungu da aka ce barci yake yi, a tashe shi. Ka gwada sunayen da ke kan allo da na cikin rajista: wa ya kawo shi, yaushe, kan wane laifi, wa yake bincikensa. Ka duba abin da aka karɓa a hannunsu, bel ne, waya ce, kuɗi ne, ko an rubuta adadin. Sannan ka buɗe littafin dayari, ka sa lokaci, ka rubuta abin da ka tarar, har da cewa mutum na huɗu goshinsa a kumbure yake, kuma ya ce 'yan unguwa ne suka doke shi kafin a kawo shi. In ka taɓa shi ka ji jikinsa rau da zafi, ka rubuta ka sanar da na gaba da kai da ƙarfe kaza, ka nemi a kai shi asibiti. Duka aikin bai wuce minti ashirin ba. Amma ran da aka wayi gari da gawa a sel, littafin nan za a fara ɗauka, kuma wanda ya sa hannu ya karɓi makulli shi za a fara kira. Manya suna da hanyar zamewa. Kurtun kanta ba shi da kowa sai abin da ya rubuta.

Haka nan dokokin tsare mutum, ka haddace su tun a kwaleji, don yanzu ba zamaninmu ba ne. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta hana a kama wani a madadin wani, jihohi kuma sun yi nasu irinta, Kaduna a 2017, Kano a 2019. Al'adar nan ta a zo neman yaro a rasa shi, a tafi da uwarsa ko matarsa har sai ya kawo kansa, laifi ne yanzu a rubuce. Dokar ta ba majistare ikon ya shigo ofishinku duk wata ya leƙa sel, ya tambayi dalilin zaman kowa. Dokar hana azabtarwa ta 2017 kuma ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25, ta kuma ce umarnin oga ba hujja ba ne. Riƙe wannan na ƙarshen da kyau. Oga zai ce a shiga da yaro ɗaki a tambaye shi sosai, ya juya ya shiga motarsa. Bakinsa ba ya barin shaida, hannunka ne zai bari.

Akwai kuma tarkon da ya fi kama sababbin shiga a birni. Da yawan abin da ake kawowa caji ofis ba laifi ba ne: bashi, kuɗin haya, iyakar fili, rabon gado, kayan lefe bayan an fasa aure. Doka ta hana kama mutum kan irin waɗannan, na kotu ne. Amma Alhaji zai zo da babbar riga, ya ce wane ya riƙe masa kuɗi, a ajiye shi ya kwana biyu ya ji a jikinsa, in kuɗin sun fito akwai naka a ciki. Kuɗin za su fito kuwa, don dangi za su sayar da akuya da keken ɗinki su kawo. Daga ranar ka zama ɗan karɓar bashin Alhaji, kuma unguwar gaba ɗaya ta san farashinka.

To mu zo kan kuɗin, tunda shi ne damuwar mahaifiyarka. Albashin ɗan sanda halal ne, ladan tsaron rayuka da dukiya ne. Abin da ake karɓa a shinge da bayan kanta shi ne wanda hadisi ya la'anci mai bayarwa da mai karɓa. Ba kuma zan ɓoye maka ba, albashin ƙaramin ɗan sanda bai taɓa isa ba, ba a zamaninmu ba, ba yanzu ba. Abin har ya kai a watan Fabrairun 2002 ƙananan 'yan sanda suka tafi yajin aiki kan haƙƙoƙinsu, abin da ba a taɓa gani ba, bayan 'yan makonni aka sauke Sufeto Janar Musiliu Smith. Kuma ɓarnar ba da mugunta take farawa ba. Za ka tarar da ofis ba mai a mota, ba takardar ɗaukar bayani, ba fayil. Mai ƙara shi zai saya, kowa ya san haka. Yau ka karɓi kuɗin mai ka zuba duka, gobe ka zuba rabi, jibi ka karɓa alhali ba inda za a je. Abin da na ga masu tsoron Allah suna yi shi ne ba sa bari kuɗi ya bi ta hannunsu. In dole sai an zuba mai, mai ƙarar ya bi su gidan mai ya biya da kansa, in fayil ne ya sayo ya kawo. Wannan bai gyara tsarin ba, amma ya raba aljihunka da shi.

Ƙin karɓa yana da tsada, gara ka sani tun yanzu. Za a sa maka suna, ustazu ko malam. In tawagar shinge tana da kason da take kai wa sama, ba za su so ka a cikinsu ba, don wanda ba ya ci shaida ne a kansu. Sai a mayar da kai gadin ƙofa, ko a jefa ka wani ƙauye da ba wuta ba ruwan famfo. In haka ta faru, kada ka je neman wanda zai roƙa maka. Tafi. A irin waɗannan wuraren ake koyon aikin.

A ƙauye za ka gane cewa ku 'yan kaɗan ne, mutanen kuwa dubbai. Adadin da aka fi ambata na 'yan sandan ƙasar nan wajen 370,000 ne, ga ƙananan hukumomi 774, kuma kaso mai tsoka yana bin manyan mutane da jaka ko yana gadin bankuna. Ba yadda za a yi mutum shida da babur ɗaya su tsare gunduma da ƙarfi. Da sanin mutane ake yi. Satin farko ka je ka gai da hakimi da dagaci da liman, wannan kowa ya sani. Waɗanda ba a gaya wa sabon shiga su ne sarkin fawa, don sa ko tunkiyar sata a wurin mahauta take ƙarewa. Da shugaban tasha da 'yan kamasho, don sun san baƙon da ya sauka da wanda ya fita da asuba. Da mai kemis, don ɓarawon da waya ta yanka wurinsa zai je. Da mai shayi, da mai cajin waya. Ka zauna a bencinsu, ka sha shayi ka biya kuɗinka. Biyan nan yana da muhimmanci, ɗan sandan da yake ci kyauta ba a gaya masa komai sai abin da ake so ya ji. Wanda kuma ya tsegunta maka wani abu, sunansa ya mutu a cikinka, ko abokin aikinka kada ya ji. Mutum ɗaya aka sara saboda ya yi magana da kai, garin ya rufe maka baki har ka bar shi.

Lokacin kaka za ka ga amfanin wannan. Da sanyin safiya manomi zai shigo da karan dawa a hannu, an cinye kawunan, jikinsa yana rawa, ya ce shanu sun kwana a gonarsa, ga 'yan'uwansa a waje da gora da adda. Ɗan sandan da bai san aiki ba sai ya hau babur, ya damƙo yaron Fulani na farko da ya gani da sanda, ya rufe, ya jira a zo beli. Wanda ya san aiki kuwa zai fara sallamar masu addar, ya aika a kira dagaci da arɗo da sarkin noma, a tafi gonar tun rana ba ta ɗaga ba, tun wasu shanun ba su taka sawun ba. A duba ta inda suka shiga, a duba kashin ko ɗanye ne, a bi sawu har inda ya tsaya. Arɗo ya fi ka sanin garken wa ya kwana a wajen, kuma in ya yarda ba tatsar mutanensa za a yi ba, da bakinsa zai faɗa. A auna ɓarnar, dattawa su ƙiyasta dami nawa ne, a biya a gaban shaidu, kai kuma ka rubuta a dayari da sunayen waɗanda suka halarta. Ka kuma duba ko gonar ta ci burtali, don sau da yawa manomin ma yana da nasa laifin, kuma sai an faɗa masa a gaban kowa. In an zubar da jini kuwa, maganar ta wuce sulhun gindin bishiya, sai asibiti da fayil da kotu, ko wane ne ya zo roƙo.

Kada ka ɗauki wannan ƙaramin aiki. Inda aka bar shi ya lalace, inda makiyayi ya tabbata in ya shiga hannu sai ya sayar da saniya, manomi kuma ya tabbata wanda ya fi kuɗi shi zai yi nasara, kowa sai ya daina zuwa ofis ya nemi makami. Kwamitin da gwamnatin Zamfara ta kafa a 2019 kan matsalar 'yan bindiga, wanda tsohon Sufeto Janar M.D. Abubakar ya shugabanta, rahotonsa ya ɗora laifi har kan wasu sarakuna da jami'an tsaro. Abin da ake aika jiragen yaƙi a kansa yau, wani ɓangarensa daga ƙananan ƙararrakin da aka sayar ya tsiro.

Abin takaicin shi ne sanin gari yana cin shekaru, sauyin wurin aiki kuwa sigina ɗaya ce. Sai ka fara gane wa ke gaba da wa, wane gida ne ake ajiye kayan sata, sai a ce ka tattara ka koma wata jiha, wani lokacin inda ko gaisuwarsu ba ka iya ba. Batun a bar ɗan sanda a yankinsu ko a kai shi nesa tsohuwar muhawara ce. Kafin soja su karɓi mulki, Arewa tana da 'yan doka na En'e, 'yan gari, ƙarƙashin sarakuna, ban da 'yan sandan Nijeriya da aka haɗe wuri ɗaya tun 1930. Marigayi Ado Bayero ma ya riƙe Wakilin Doka a Kano kafin ya tafi jakadanci Senegal, ya dawo ya hau karaga a 1963. Dattawan da na tarar a aiki, waɗanda aka juyo da su daga 'yan doka bayan gwamnatin Gowon ta haɗe rundunonin, sun san kowane lungu da kowane tsohon ɓarawo da sunan kakansa. Amma ka tambayi tsofaffin 'yan NEPU abin da 'yan doka suka yi musu, za ka ji ɗaya gefen. Saboda wannan tarihin ne sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya ce runduna ɗaya tak za a yi a ƙasa. Ni ra'ayina, ƙananan ma'aikata, daga kurtu zuwa sufeto, a bar su a yankin da suka san harshensa su daɗe, shugabannin kuma a riƙa juya su. An ɗan fara hakan a 'yan shekarun nan, ana mayar da sababbin kurata ƙananan hukumominsu. In kai ma an mayar da kai gida, ka shirya wa wata jarrabawar: ranar da ɗan kawunka zai shigo da ankwa a hannu, gwaggo ta zo ta zauna a ƙofar gidanku tana kuka. Abin da ya fi a nan, ka gaya wa DPO, shugaban ofishinku, dangantakarku tun kafin wani ya gaya masa, ka roƙi a ba wani binciken.

Batun haɗari, ba zan rage maka komai ba. Mun shigo aiki ana ba mu labarin 'Yan Awaki, rikicin Maitatsine na Disambar 1980, da na Bulunkutu a 1982 da Jimeta a 1984, muna ganin an wuce wurin. Sai ga rikicin Boko Haram na 2009 a Maiduguri, sai bam a hedikwatar rundunar a Abuja ranar 16 ga Yunin 2011, sai Juma'ar 20 ga Janairun 2012 a Kano, da aka kai wa ofisoshin 'yan sanda hari a lokaci guda, mutum sama da 180 suka rasu. A 2014 har makarantar horar da 'yan kwantar da tarzoma ta Gwoza aka ƙwace. A waɗancan shekarun ɗan sanda a leda yake ɗaukar kakinsa, sai ya shiga ofis ya sa. Aka jera buhunan yashi da ganguna a ƙofar kowane caji ofis, aka tare hanyoyi, kuma dole ce ta sa. Amma an yi asarar da ba a lissafa ba: tsohuwar da a da takan shigo ta ce ta ga baƙin fuska a kangon bayan gidanta, yanzu sai ta ɗaga hannu sama tun daga nesa kafin a bar ta ta matso, sai ta daina zuwa. Sannan Oktoban 2020, zanga-zangar da ta sa aka rusa SARS, sashen yaƙi da 'yan fashi, ranar 11 ga wata, aka ƙona ofisoshi, aka kashe 'yan sanda, da yawansu ba su taɓa aiki a sashen ba. Fushin da wasu suka tara, a kan duk mai kaki yake sauka.

Bindigar da za a ba ka ma haɗari ce gare ka. Ƙirga harsashi a gaban mai ajiyar makamai lokacin karɓa da lokacin mayarwa, kada ka sa hannu kan adadin da ba ka ƙirga ba. Ka'idar harbi tana cikin umarnin runduna mai lamba 237, wanda aka sabunta a 2019, kuma gundarinsa shi ne ba a harbi sai rai yana cikin haɗari. Direban da ya ƙi tsayawa a shinge bai cancanci harsashi ba, ɗauki lambar motar. Kuma ka nisanci abokin aikin da yake shan ƙwaya ko giya don ya iya tsayuwar dare. Ran da yatsansa ya zame, duk tawagar za a kwashe.

In Allah ya sa ka shiga sashen bincike, ka sayi littafinka na kanka, ban da fayil ɗin ofis. Shari'a a ƙasar nan tana daɗewa. Za a kira ka shaida kan abin da ya faru shekara biyar baya, an yi maka sauyi sau biyu, lauya ya miƙe ya gyara rigarsa ya tambaye ka da wane hannu wanda ake tuhuma ya riƙe wuƙar, ƙarfe nawa ka isa wurin, wa ya fassara masa bayaninsa daga Hausa zuwa Turanci, kuma ina sa hannun mai fassarar. Ƙararraki da yawa a nan suke mutuwa, mai laifi ya fita yana murmushi, mutanen gari su ce 'yan sanda sun ci kuɗi, alhali rubutu ne ba a yi daidai ba. Bayanin amsa laifi kuma, doka yanzu ta fi son a ɗauke shi a bidiyo ko a gaban lauya. Wanda aka samo da kulki, lauya mai wayo cikin minti biyar zai wargaza shi.

Arziki irin na gidan bene da jerin motoci, in ka gan shi wurin wanda ya fara da kurtu, ka tambayi inda ya fito. Abin da aikin yake iya ba mai haƙuri shi ne rufin asiri, shi ma sai da dabara. Kada ka saba da gidan bariki, ran da ka yi ritaya za a ce ka fita, kuma na ga dattawa da kayansu a waje ba su san inda za su nufa ba. Tun kana kofur ka shiga ƙungiyar tsimi ta ma'aikata, ka sayi fili a garinku ko da a bayan gari ne, ka riƙa aza bulo a hankali. In za ka iya, ka ajiye iyali wuri ɗaya saboda karatun yara, kai ka riƙa zuwa, don yaron da ake ciro shi daga makaranta duk bayan shekara biyu ba ya yin nisa. Fanshon kuma kada ka dogara da shi kaɗai. Tun 2004 aka koma tsarin adashe, wanda bayan gyaran 2014 ake cire kashi 8 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, gwamnati ta ƙara kashi 10. An fitar da soja da jami'an tsaron farin kaya daga tsarin, an bar 'yan sanda, kuma tsofaffin 'yan sanda sun sha fita zanga-zanga a Abuja suna neman su ma a fitar da su, saboda abin da ake ba su a wata ba ya kai su ko'ina. Ka koyi kiwo ko noma ko wata sana'a tun kana cikin kaki, wadda ba ta haɗa ka da mutanen da kake bincike ba.

Sai takardu. Ranar haihuwar da ka rubuta a fom ɗin shiga ita za ta bi ka har ƙarshe, ka tabbata ita ce a katin ɗan ƙasa da banki da asusun fansho, harafin sunanka ma kada ya bambanta, Muhammad a nan Mohammed a can ya isa ya riƙe haƙƙin mutum shekara guda. Takardar ɗaukarka aiki, da siginar kowane ƙarin girma, da ta kowane sauyin wuri, ka yi musu kwafi ka kai gida wurin mahaifiyarka ta ajiye, don fayil yana ɓata a ofis, ofis ma yana ƙonewa. Fom ɗin magaji kuma, yanzu wataƙila sunan mahaifinka ko yayanka za ka sa. Da ka yi aure, da an yi maka haihuwa, ka koma ofishin mulki ka sabunta shi, ka karɓi kwafi mai hatimi, ka nuna wa matarka inda ka ajiye.